Sabon keken tsere ya gajiyar da ni a makon farko: na yi asarar kuɗina ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Kusan shekara biyu na yi ina tara kuɗi, har yayana da ke karatu a Faransa ya saya mini keken tsere sabo fil, Triban RC520, ya aiko shi a kwali. Yau mako ɗaya ke nan ina hawa, in kama hanyar Wudil in dawo. Gaskiya jikina ya yi sanyi. Wuyana da tafin hannuna ciwo suke yi, sirdin kamar dutse, kowace tsakuwa ina jin ta har cikin haƙorana. Giyar baya ta fara ƙara tun kwana na uku, birki yana kuka, na yi faci sau biyu. Gudun ma bai ɗara na tsohon kekena da wani abin kirki ba. Nauyina kilo 68, tsawona mita 1.76, keken kuma lamba M ne. Keken ne ba shi da kyau, ko laifina ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sanya alheri, ya sa ka more shi lafiya. Kwantar da hankalinka, kuɗinka ba su tafi a banza ba. Na haɗa irin wannan keken daga kwali, na hau shi, na kuma gyara shi, kuma duk abin da ka lissafa na sha jin sa daga bakin waɗanda suka sauko daga keke mai miƙaƙƙen kai suka hau na tsere. Har yanzu ba ka ɗanɗani keken ba. Abin da ka ɗanɗana shi ne taya mai iska fiye da kima, da sirdi da kan keke da ba a daidaita su da jikinka ba, da kuma jikin da bai saba da irin wannan zaman ba. Sai an gyara waɗannan kafin a yi wa keken hukunci.

Bari ka fara sanin abin da ke hannunka. Firam ɗinsa na alminiyam ne, fok ɗin gaba, wato ƙafafu biyun da ke riƙe da tayar gaba, na kabon. Giyarsa Shimano 105 ce mai hawa 11 a baya. A gaba akwai faranti biyu, babba mai haƙora 50 da ƙarami mai 34, a baya kuma jerin haƙoran ya tashi daga 11 zuwa 32. Tayarsa faɗin milimita 28, nauyinsa wajen kilo goma da rabi. A tsanin giyoyin Shimano na kwalta, a lokacin da aka fito da irin kekenka, ana farawa ne daga Claris mai hawa 8, sai Sora mai 9, sai Tiagra mai 10, sannan 105, sai Ultegra da Dura-Ace a can sama, waɗanda manyan 'yan tsere ke hawa. To ka ga kana tsakiyar tsanin, kuma a ganina daga 105 zuwa sama abin da mutum ke ƙara saye da kuɗinsa ragin nauyi ne kawai da ƙyalli, amma aikin shiga giya ya riga ya kai inda ake so.

Keken tsaka-tsakin kuɗi kuwa duk ɗabi'arsu ɗaya, ko Giant Contend ne, ko Trek Domane AL, ko Specialized Allez. Kamfani yakan zuba kuɗi a inda idon mai saye ke fara sauka, wato giya da firam, sai ya tsuke hannu a ƙafafun keken, da taya, da sirdi. Waɗannan ukun kuma su ne suke taɓa kwalta da jikinka, shi ya sa makon farko yakan ba da labarin da bai kai keken ba. Wani abu kuma, naka ba tsantsar keken gasa ba ne. An ƙera shi ne don doguwar tafiya: kansa ya ɗan ɗaga, yana da gurbin ɗaura kariya, kuma yana karɓar taya mai faɗi har milimita 36. Ranar da na fara hawan irinsa abin da na fara lura da shi shi ne natsuwarsa. Ba ya zabura in ka taka shi daga tsaye, sai ya ɗan ja jiki, saboda ƙafafunsa suna da nauyi. Amma da zarar ya ɗauki gudu sai ya miƙe sak, ba ya rawar kai a gangara, ba ya firgita in tirela ta wuce ta watsa maka iska. A titunanmu na fi son wannan hali a kan keken da ya fi shi sauƙi amma kullum yana neman ƙwace maka.

Yanzu ga abin da nake zargi a kan haƙoranka da ke kaɗawa. Ina da yaƙinin an duba lambar da ke rubuce a gefen tayar, ɗari da wani abu, an buga iska har ta kai can, ko kuma mai faci ya ɗura da injinsa har sai da ya danna da babban yatsa ya ji kamar katako. Lambar nan iyaka ce da aka ce kar a wuce, ba ita ce iskar hawa ba. Mai nauyin kilo 68 a kan taya 28 ya fara da wajen 65 a gaba, 70 a baya, a ma'aunin psi, wato tsakanin 4.5 da 5 ke nan a ma'aunin bar. Daga nan sai ka riƙa ƙarawa ko ragewa da biyar-biyar har ka samu inda ya yi maka daɗi.

Dalilin kuwa a fili yake. Taya mai tauri ƙwarai ba ta lanƙwasawa ta haɗiye tsakuwa, sai dai ta yi tsalle a kanta. Kowane tsalle kuwa ƙarfinka ne ke tafiya wajen ɗaga keke da kai sama maimakon tura ku gaba, ragowar kuma ya bi ta hannunka da ƙashin bayanka. A kan kwalta mai sulɓi kamar gilashi tauri yana da amfani, amma ina muka ga irin wannan kwaltar? Su kansu 'yan Tour de France, babbar gasar tseren keke ta Faransa, da suka daɗe a kan siririyar taya mai milimita 23 da iska mai yawa, yau yawancinsu sun koma 28 zuwa sama da iska kaɗan, kuma ba don jin daɗi kawai suka koma ba, sun gwada ne sun ga ta fi gudu a kan titi na gaske. Sai dai kar ka zarce ƙasa da yawa. In iska ta yi kaɗan ka faɗa rami, rim zai datse tib ɗin, ka ga huda biyu kusa da juna kamar saran maciji. Don haka abu na farko da za ka saya, tun kafin riga ko takalmi, shi ne famfon tsaye mai agogon awo, wanda bakinsa ke kama siririn bawul ɗin nan mai ɗan noti a kai da ake kira Presta. Siririyar taya tana sace iska a hankali ko babu huda, saboda haka a duba ta duk bayan kwana biyu ko uku.

Sai batun zama, kuma nan ne nake son ka ba ni hankalinka sosai, domin nan ne mutane da yawa ke jingine keke mai kyau a zaure har ƙura ta rufe shi.

Fara da tsawon sirdi. Cire takalmi, ka jingina bayanka da bango, ka sa littafi mai kauri a tsakanin cinyoyinka ka ɗaga shi sama har ya tokare, kamar kana zaune a kan sirdi. Wani ya auna daga ƙasa zuwa saman littafin. Abin da aka samu ka ninka shi da 0.883. Wannan lissafin da sunan Greg LeMond aka san shi, ɗan Amurkan da ya ci Tour de France a 1986 da 1989 da 1990. In misali an samu santimita 82, amsar za ta zama 72.4, kuma shi ne nisan da za ka bari daga tsakiyar gindin feda, inda hannun feda ke juyawa, zuwa saman sirdi. Ka tabbatar da shi ta hanya ta biyu: hau keken kana dafe da bango, ɗora diddigenka a kan feda tana can ƙasa. Ƙafarka ta miƙe sarai ba tare da ƙugunka ya karkata ba. In ka mayar da tudun ƙafarka kan fedar, gwiwa za ta ɗan lanƙwasa kaɗan, to nan ne. Mu da muka tashi a kan Raleigh da Phoenix mun saba da sirdin da za ka sauke ƙafa ƙasa kana zaune. A keken tsere in kana iya haka, sirdinka ya yi ƙasa, kuma gaban gwiwarka ne zai biya. In kuma bayan gwiwa ne ke ja, ko ƙugunka na rangaji hagu da dama, ya yi sama.

Bayan tsawo, duba kwanciyar sirdin. Ɗora faffaɗan katako a kansa ka gani ko a miƙe yake. Sau da yawa wanda sirdi ya dama yakan sunkuyar da hancinsa ƙasa don ya samu sauƙi, sai jikinsa ya riƙa zamewa gaba, hannuwa su koma su ne ke tokare da nauyinsa duka. Akwai wani matashi da ya zo mini da yatsunsa biyu, ƙaramin da na kusa da shi, sun yi kwana uku suna masa dindiris kamar ya kwanta a kansu. Har ya fara maganar canza kan keken ɗungurungum. Na ɗora katako a kan sirdinsa, sai ga shi ya karkata gaba kamar kwararo. Noti ɗaya muka kwance muka miƙar da shi, muka ɗan ja shi baya. Da ya dawo bayan mako guda, yatsun sun saki.

Wuya kuma yawanci daga abu biyu yake. Na ɗaya, sabon shiga yakan ɗauka tunda kan keken ya lanƙwasa kamar ƙahon rago, to dole a can ƙasa za a riƙe kullum. A'a. Mazaunin hannunka shi ne kan robar da ta rufe hannun birki, nan za ka yi mafi yawan tafiyarka. Saman kan na hutawa ne da hawan tudu, ƙasan kuma na gangara ne da lokacin da iska ta tare ka. Ka riƙa sauya su, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe, kafaɗu a sake. Na biyu, duba zobban da ke ƙarƙashin wuyan da ya riƙe kan keken. In wanda ya haɗa maka ya ɗora su a sama, a mayar da su ƙasa don kan ya ɗaga. Shi ma wuyan ana iya kifa shi ya kalli sama. Girman M ya dace da tsawonka, amma in bayan duk wannan kana jin kana miƙa hannu kamar mai ɗauko abu a kan kanta, a sa wuyan da ya gaza naka da santimita ɗaya. Notocin nan ƙanana ne, yawanci an rubuta iyakar ɗaurinsu a jiki, 5 ko 6 Nm, wato ma'aunin ƙarfin ɗauri. Kar a bar mai gyara ya ɗaure su da ƙarfin da yake ɗaure notin babur.

Taurin sirdi kuwa, yi masa haƙurin mako biyu zuwa uku. Ƙasusuwan zama ne ke ɗaukar nauyi, kuma suna sabawa. Sirdi mai laushi kamar katifa yana da daɗi a minti goma na farko, amma bayan awa ɗaya sai ka nutse a ciki ya danne inda bai kamata ba. Abin da ke taimakawa shi ne gajeren wandon keke mai soso a ciki, wanda ake sawa ba tare da wani wando a ƙarƙashinsa ba, don ɗinki kar ya goge fata. Na san matsewarsa ba ta yi wa da yawanmu daɗi a cikin unguwa, ni ma wando sakakke nake ɗorawa a kai, in ɗaure ƙafar dama don kar sarƙa ta kama. Amma ka rarrabe ciwon rashin sabo da mutuwar jiki. In gabanka yana yin dindiris ko ka daina jin sa, wannan ba abin jurewa ba ne. Ka sauka, a gyara kwanciyar sirdin, in bai bari ba a canza shi da mai tsaga a tsakiya.

Ƙarar giya ba komai ba ce. Sabuwar waya da rigarta sukan zauna a mazauninsu bayan 'yan kwanaki, sai wayar ta ɗan saki. A inda wayar ke shiga na'urar sauya giya ta baya akwai ɗan maɓalli da ake murzawa da yatsa. In sarƙa tana jinkirin hawa babban haƙori, murza shi waje, wato kamar kana kwance noti, rubu'in zagaye kawai, ka juya feda ka saurara. Ka maimaita har ƙarar ta ɗauke. Ƙananan sukurori biyun nan masu alamar H da L kar ka taɓa su, kar kuma ka bari a taɓa, su ne ke hana sarƙa zarcewa ta faɗa cikin wayoyin taya ko ta sauka ta ɗaya gefen. Sannan ka guji haɗa babban faranti na gaba da babban haƙori na baya, ko ƙarami da ƙarami, don sarƙar takan karkace ta riƙa gogar ƙarfe.

Birkinka TRP HY/RD ne: waya ce ke tafiya daga hannu, amma a can ƙasa mai ne ke matse farantin birkin da ke tsakiyar taya. Sabon birkin faranti ba ya kamawa sosai sai an horar da shi. Nemi wuri marar cunkoso, ka ɗauki matsakaicin gudu, ka matsa birki ɗaya da ƙarfi har ka kusa tsayawa, ka sake shi kafin taya ta tsaya cik. Yi haka kamar sau ashirin ga kowanne. Kar mai ko giris ya taɓa farantin, ko da na yatsa ne, shi ne babban mai kawo kuka. Ga kuma abin da ya fi kukan muhimmanci: keken da ya fito daga Faransa birkin gaba yana hannun hagu, na baya yana dama. Wanda ya saba da babur hannunsa ya san dama a matsayin birkin gaba. Ka tsaya ka matsa kowanne ka ga tayar da yake kamawa, ko ka saba da shi haka, ko a sauya maka wayoyin, kafin ranar da akuya za ta yanko maka titi.

Facin da ka yi sau biyu, ina zaton abu ɗaya ne ya huda ka sau biyun. Gefen titunanmu cike yake da tsidau, da guntun waya daga tayoyin manyan motoci da suka fashe. In an ciro tib aka like ba a shafa cikin tayar da yatsa an zaro ƙayar ba, tana nan tana jiran sabon tib. Ka riƙa jera tambarin tayar daidai da bawul, ta haka in ka ga hudar a tib ka san inda za ka nema a taya. Rim ɗin keken an yi shi ne yadda zai iya aiki ba tib, shi ya sa taya ke matsewa ƙwarai wajen cirewa da mayarwa. Dabarar ita ce ka tura gefen tayar duka ya faɗa cikin kwarin da ke tsakiyar rim, zagaye ɗaya, ka ƙarasa a wajen bawul. Kar a sa sukundireba. In hali ya samu, a nan zan fara kashe kuɗi: taya mai kyau mai faɗin 30 ko 32, in so samu ne marar tib, mai ruwan da ke toshe ƙananan huda da kansa. Ba abin da zai canza maka keken nan kamar wannan. Sai dai a zafinmu ruwan yakan bushe da wuri, ana ƙara shi duk bayan 'yan watanni.

Maganar gudu kuma, na san ita ta fi ci maka rai. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya irin ta Kano zuwa Wudil, abokin faɗanka iska ce, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na abin da iskar ke tokara jikinka ne, ba keken ba. Ƙarfin da ake buƙata don keta iska yana hawa da sauri fiye da yadda gudu ke hawa: daga kilomita 25 a awa zuwa 30, sai ka ƙara wajen kashi 70 cikin ɗari a kan abin da kake kashewa wajen ture iskar. Saboda haka in ka samu ƙarin kilomita biyu ko uku a awa a makon farko, da babbar riga tana kaɗawa, da sirdin da bai daidaita ba, ba ƙaramin abu ka samu ba. Nauyin keken ma kar ya dame ka. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ba ta yarda keken gasa ya gaza kilo 6.8 ba. Tsakanin wancan da naka bai kai kilo huɗu ba, in ka haɗa da nauyin jikinka bai kai kashi biyar cikin ɗari ba. A tuddan Jos za ka ji bambancin, a nan kuwa da ƙyar.

Abin da zai ba ka gudu shi ne yadda kake juya ƙafa. Keke marar giya ya koya mana dannawa da ƙarfi a hankali. A nan so ake ƙafa ta riƙa juyawa sau 80 zuwa 90 a minti, a giya mai sauƙi. Ƙirga sau nawa gwiwar dama ta taso a daƙiƙa 15, in ta kai 21 ko 22 kana kan hanya. Giyarka mafi nauyi tana kai ka kusan mita goma a juyi ɗaya, mafi sauƙi kuma mita biyu da 'yan kai. Duk abin da ke tsakaninsu an sa shi ne don a yi amfani da shi, kar ka maƙale a ƙaramin haƙori kana nishi. Ka fita bayan sallar asuba kafin rana ta ɗaga, da hular kwano, da fitila mai walƙiya a baya, da gorar ruwa biyu. Sau uku ko huɗu a mako, awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ya ishe ka a watan farko.

In hunturu ya shigo, ƙura ce za ta ci maka sarƙa. Baƙin mai na inji kar ya kusance ta, yana kama ƙura ya zama kamar dutsen wasa wuƙa. Sa man sarƙa marar danƙo, ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, ka goge na waje tas da tsumma. Akwai ɗan ƙarfen auna miƙewar sarƙa, a giya mai hawa 11 in ya nuna 0.5 a canza ta, in ba haka ba ta cinye haƙoran baya su ma, kuma sun fi ta tsada nesa ba kusa ba.

Tunda yayanka yana can, ka roƙe shi ya haɗo maka 'yan kayan da ba a samu a wajen kowane mai gyara a nan: sarƙa mai hawa 11 da mahaɗinta, takalman birki, tib uku ko huɗu masu siririn bawul, da wayar giya. Sama da duka ya sayo maka hanga guda biyu, wato ɗan guntun alminiyam ɗin da na'urar giyar baya ke rataye a jikinsa. An yi shi ne da gangan ya lanƙwashe ko ya karye in keke ya faɗi ta dama, don firam ya tsira, kuma kowane irin keke da siffar nasa, na wani ba ya shiga na wani. Na ga keken da ya yi wata huɗu a rataye saboda wannan ɗan ƙarfen da bai kai tsawon yatsa ba. Kafin su iso, in za ka kwantar da keken a ƙasa ko a bayan mota, kwantar da shi ta hagu.

Ka yi waɗannan gyare-gyaren ɗaya bayan ɗaya, kana rubuta awon da ka canza, don in wani bai yi ba ka san inda za ka koma. In ka cika kilomita 500, a sake duba ɗaurin wayoyin taya da notoci, sannan ka sake rubuto mini ka faɗa mini inda har yanzu ke ciwo, da bayan minti nawa yake farawa.